Yadda maganin cutar fata ke iya buɗe wa sankara ƙofa

Wasu cututtukan fata, irin su soriyasis, na tasowa ne idan garkuwar jiki ta juya tana yaƙar jikin da ya kamata ta kare. Shi ya sa likitoci ke ba da magunguna kamar metotireksat da siklosforin, domin su rage mata ƙarfi.

Sai dai garkuwar tana da wani aikin gadi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a Landan a 1964 cikin ƙarin da aka ciro daga jikin wata yarinya a Yuganda. Tana yaɗuwa ta yawu, ta laɓe cikin fararen ƙwayoyin jini har ƙarshen rayuwa. Garkuwar ce ke danne ta. Da zarar gadin ya yi rauni, tana iya ingiza ƙwayoyin su yi ta hayayyafa har su zama sankarar kaluluwa.

Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Alamominsa sun haɗa da kaluluwar da ta ƙi sacewa, zazzaɓi, zufar dare, rama, da gyambon baki ko na fata da ya ƙi warkewa.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, sau da yawa ƙarin kan janye idan likita ya dakatar da metotireksat. In ya ƙi, akwai maganin sankara. Saboda haka kada majiyyaci ya yanke magani da kansa. Wanda ya ga waɗannan alamomi ya hanzarta komawa wurin likitansa.