Mene Ne "Park" a Dumega? Amsar Baka ta Ingilishi da Hanyoyin Gyara Ta

Daga cikin tambayoyin da aka saba yi wa mai koyon Ingilishi a gwajin baka, akwai wadda ake ɗauka ta fi kowace sauƙi: "Do you like going to parks?" Tana yawan fitowa a littattafan share fagen jarrabawar IELTS, wadda aka fara gudanarwa a shekarar 1989. Ɓangaren magana na wannan jarrabawa yana ɗaukar minti 11 zuwa 14, kuma kashinsa na farko hira ce a kan al'amuran yau da kullum, kamar gida da aiki da abinci da wuraren hutawa. Abubuwa huɗu ake aunawa: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Masu tsara irin wannan tambaya sun ƙaddara cewa kowa yana da abin faɗa a kanta. Wannan maƙala za ta duba abin da ke faruwa idan tambayar ta faɗa hannun ɗalibin da ya tashi a Dumega, da kuma yadda ya kamata mai gyara ya tunkari amsarsa.

Dumega gari ne na manoma a gundumar Tibiri ta jihar Doso, cikin ƙasar Arewa, a yankin Dallol Mawri, ba nisa da iyakar jihar Kebbi ta Najeriya. Yaron wannan gari da Arewanci yake buɗe baki, a makarantar firamare ya haɗu da Faransanci, sai ya shiga ajin farko na kwaleji sannan a fara koya masa Ingilishi. Harshe na uku ke nan, kuma darajarsa ta ƙaru tun watan Maris na 2025, lokacin da sabuwar dokar ƙasar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Mai neman gurbin karatu a Sakkwato ko Zariya, ko tallafin karatu a ƙetare, zai iya samun kansa gaban mai tambaya, kuma 'yan mintuna kaɗan su yanke masa hukunci. (Da gangan muke cewa Ingilishi, domin a bakin mutanen Nijar da dama kalmar Turanci tana iya nufin Faransanci.)

Matsalar ma'ana

Tun kafin a zo ga nahawu, kalmar kanta ce ke fara yi wa ɗalibi tarnaƙi. Abin da mai tambaya yake nufi shi ne fili mai ciyawa da itatuwa da kujeru a tsakiyar birni, wanda hukuma ta keɓe domin shaƙatawar jama'a. Ɗalibin Dumega kuwa ya san kalmar ta wasu hanyoyi uku, kuma babu wadda ta kai shi can. Daga bakin 'yan ci-rani da fatake masu ƙetara iyaka ya ji "motor park", wato tashar mota. Daga Faransancin ma'aikatan kiwo ya san "parc", shingen ƙarfe da ake kora shanu ciki domin allurar rigakafi. A darasin labarin ƙasa kuma an karanta masa Gandun Daji na W, wanda aka kafa a 1954, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1996. Saboda haka idan ya amsa da cewa yana zuwa wurin ne idan zai shiga mota zuwa Dogon Dutsi, bai yi kuskuren harshe ba. Ya zaɓi ɗaya ce daga ma'anonin da rayuwa ta koya masa.

Hausa ma ba ta da kalma guda da ta yi daidai. Lambu, ko garka a karin yamma, wurin noman rani ne. Dandali wurin wasa da kiɗa ne. Fada a Nijar ita ce majalisar matasa masu shan shayi. "Wurin shaƙatawa" kuwa bayani ne da 'yan jarida suka ɗinka. Wani abin sha'awa shi ne, masana labarin ƙasa suna kiran gonakin da gawo ya bazu a cikinsu, irin waɗanda ake gani a Dallol Mawri, da sunan "parkland" a Ingilishi, "parc agroforestier" a Faransanci. Wato a idon masani ɗalibin nan a cikin "park" aka haife shi, yana dai neman sa ne a littafi.

A nan ne yawancin ɗalibai suke faɗawa tarkon hadda. Su haddace amsar da aka rubuta domin ɗan London, mai ɗauke da tafki da agwagwa da gudun motsa jiki da safe, su zubo ta tiryan-tiryan. Da zarar an ce musu "Why?" sai magana ta tsinke, domin babu abin da ke bayan jimlolin. A ra'ayina amsar gaskiya ta fi, ko da gajeruwa ce: "We don't really have parks where I live, because it's a farming town. But there's an open space near the market where we sit under the trees in the evening." Mai wannan amsa ya nuna ya fahimci tambaya, ya kawo dalili, ya kuma buɗe wa kansa fagen da zai iya yin minti biyu yana magana bai ƙare ba. Harshe ake aunawa, ba yawan wuraren da mutum ya ziyarta ba.

Gaɓa ɗaya, tarko uku

Ta fuskar tsarin sauti, "parks" gaɓa ɗaya ce tak, amma ta saɓa wa Hausa a wuri uku. Na farko, Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/. Ƙwayar sauti ɗaya ce, shi ya sa kalmomin aro suka zama famfo da fensir da fasinja, har da fakin na ajiye mota. A Arewanci ma sautin ya ƙara nisa, domin inda Daidaitacciyar Hausa take cewa fari da tafi, Ba'are zai ce hwari da tahi. Na biyu, Hausa ba ta yarda da dogon wasali cikin rufaffiyar gaɓa ba: wasalin ƙarshe na gida dogo ne, amma da an ce gidan sai ya gajarce. Wasalin "park" kuwa dogo ne, kuma gaɓar a rufe take. Idan waɗannan biyu suka haɗu, /f/ a farko da gajeren wasali a tsakiya, abin da zai fito ya yi kusa da wata kalmar ashar ta Ingilishi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa malami ya tsaya a kan kalmar.

Faransanci yana taimakawa a nan, amma rabin taimako. Yaron da ya yi shekara shida yana bambanta "pain" da "faim" ya riga ya mallaki /p/. Sai dai /p/ ɗin Faransanci ba ya fita da hucin iska kamar na Ingilishi, don haka kunnen Ba'ingile zai iya jin "bark". Maganin tsohon yayi ne: a riƙe 'yar takarda gaban leɓɓa, idan ba ta motsa ba, a sake.

Tarko na uku shi ne cunkoson baƙaƙe /ks/ a ƙarshe. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙi biyu, Faransanci kuwa yana rubuta "s" na jam'i amma ba ya furta shi; "parc" da "parcs" furucinsu ɗaya. Ke nan harsuna biyu sun haɗu sun ce wa ɗalibi ya yar da wannan sauti. Dabarar da ta fi dacewa da harshen Bahaushe ita ce a jingina "s" da kalmar da ke biye: a furta "parks are" kamar gaɓoɓi biyu, ta biyun ta fara da "s". Idan baki ya saba, sai a janye kalmar ta biyu.

Inda Hausa da Faransanci suka yi baki ɗaya

Wannan batu na ƙarshe yana nuna wani abu da ya fi furuci faɗi. Mu ƙaddara ɗalibi ya ce: "Yes, I like park. There is many trees. I am going there since three years. The children they play football." Kowace jimla tana da kuskure, kuma kusan kowane kuskure yana da iyaye biyu. Akwai ba ta sauyawa tsakanin tilo da jam'i, haka ma "il y a", sai aka sami "there is many". Bahaushe yana cewa yau shekara uku ke nan ina zuwa, Bafaranshe yana amfani da lokaci mai ci tare da "depuis", alhali Ingilishi yana buƙatar "I have been going there for three years". Jimlar Hausa galibi tana zuwa da lamirin suna bayan suna, yara suna wasa, kuma Faransancin baka yana yawan cewa "les enfants, ils jouent". Ko shekarun haihuwa haka ne: ina da shekara 17, "j'ai 17 ans", sai a ji "I have 17 years". Irin waɗannan kurakurai su ne masu taurin kai, domin duk harshen da ɗalibi ya waiwaya ya tambaya zai tabbatar masa cewa daidai yake.

Akasin haka, akwai inda Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, kuma ba kasafai malamai suke cin moriyar wannan ba, saboda ta Faransanci suke bi su yi bayani. Bambancin "I go" da "I am going" yana wahalar da mai Faransanci, wanda "je vais" ta ishe shi duka biyun. Hausa kuwa tana da lokaci sabau: nakan je daban, ina tafiya yanzu daban. Jimla ɗaya ta Hausa za ta warware abin da allo guda na ƙa'idoji bai warware ba. Haka kuma sautin /h/, wanda Faransanci ya rasa, Ba'are yana da shi har ya yi yawa.

Yadda ake gyara

A 1997 Roy Lyster da Leila Ranta sun wallafa nazarin da suka yi a azuzuwa huɗu na yara masu koyon Faransanci a yankin Montreal na Kanada, inda suka rarrabe hanyoyin gyara shida: gyara kai tsaye, maimaita jimlar a gyare, neman ƙarin bayani, tunatarwa da ƙa'ida, jawo amsa daga bakin ɗalibi, da maimaita kuskuren da muryar tambaya. Sun tarar cewa maimaita jimla a gyare ita ce malamai suka fi yi, kashi 55 cikin 100 na dukkan gyare-gyare, amma kuma ita ce ɗalibai suka fi wucewa ba tare da sun ce komai ba. Dalilin a fili yake. Idan yaro ya ce "There is many trees", malam ya ce "Yes, there are many trees", yaron zai iya ɗauka an gaskata shi ne kawai.

Ga ɗalibin da "s" da "are" ba su da gurbi a harsunansa biyu na farko, wannan hatsari ya ninka, domin ba ya ma jin bambancin. Dole a tsayar da shi a kan wurin. Amma ba a tsakiyar magana ba: wanda aka katse sau huɗu cikin jimla huɗu ba zai yi ta biyar ba, musamman a al'adar da yaro yake sunkuyar da kai gaban malami. Abin da ya fi shi ne a bar shi ya gama, a naɗi muryarsa a waya idan da hali, a fara mayar masa da martani a kan abin da ya faɗa, sannan a zaɓi kuskure ɗaya ko biyu. Ma'ana ce kan gaba, sai furucin da zai iya jawo rashin fahimta, sai nahawu.

Lokacin hutun da ya wuce na gwada wannan da wani ƙanena da ke ajin ƙarshe na kwaleji. Da ya ba da amsa irin ta sama, na sake kunna masa muryarsa, na ce, "Itace ɗaya ne a wurin?" Ya ce, "A'a, yaya, suna da yawa." Na ce, "To, there…?" Ya yi jim, ya ce "There are many tree." Na ɗaga yatsa ɗaya, na ce "tree", na ɗaga uku na yi shiru. Ya yi dariya, ya ƙarasa da kansa. Ban taɓa "since" ba a ranar, na bar ta sai wani zama. Da na sake yi masa tambayar bayan kwana biyu, "are" ta zauna, "s" kuwa ta sake ɓacewa a jimla ta uku, daidai lokacin da ya shagala da ba ni labarin yadda awaki suke rububin 'ya'yan gawo a gonar kakanmu.