Babi na Tara: Ledar da Ake Cewa Tana Ruɓewa

Duk wanda ya taɓa leƙa masana'antar leda a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ya san aikin: a zuba ƙwayoyin roba a inji, zafi ya narkar da su, iska ta hura kamar balan-balan, a naɗe, a yanka. Robar nan sunanta foliyetilin, 'yar gidan man fetur ce, kuma ƙananan halittun da ke cinye shara a cikin ƙasa ba su da haƙorin cinta. Shi ya sa mahauta ke zaro ta a dunƙule daga tumbin saniya.

Sai aka ce a cakuɗa ta da sitaci. Eh, sitacin nan dai da mai wanki da guga ke sa wa shadda, na rogo ko na masara. Wani Bature a Ingila, Gerald Griffin, shi ya fito da dabarar a shekarun 1970, kuma har yau ana ta yayata cewa wai irin wannan leda tana ruɓewa. Ina! Sitacin kaɗai halittun ke lashewa, su bar robar da huji-huji kamar tabarmar da gara ta ci. Ta dagargaje, ido ya daina ganinta, amma ɓurɓushinta na nan kwance a gona. Mai ruɓewa ta gaske sai an haɗa sitacin da robar da ita ma ke ruɓewa, irin PBAT, kamar Mater-Bi na kamfanin Novamont a Italiya. Ko ita, ƙa'idar Turai wata 6 ta ɗibar mata a cikin tulin taki mai zafi.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ruwa. Sitaci masoyin ruwa ne, foliyetilin kuwa ba sa ga maciji da ruwa, don haka sai an sa musu sinadarin sulhu, a ƙara gilisarin don laushi. To kawo ledar nan Kano ka sha kallo. Da hunturu ta bushe ƙayau, ana ja tana tsagewa. A watan Agusta ta sha danshi ta yi laƙwas, kana ɗaga ta da mudun shinkafa hannunta ya tsinke. Yawan sitaci, ƙarancin ƙwari. Ƙulla fiya-wata da ita kuwa, kada ma a fara.

Su ma masu narkar da tsohuwar ledar da 'yan bola ke kawowa ba sa maraba da ita, domin tana shiga buhu take rage ƙarfin sauran.