Yara Masu Karatu a Gida: Wasa da Lissafi da Ka

Sa'ad da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, iyaye da yawa suka zama malamai ba shiri. An buɗe makarantu daga baya, amma a waɗansu ƙauyukan da nake zagawa akwai yaran da gida ne ajinsu, ko don makarantar ta yi nisa, ko don hanya ba lafiya. Uwa ko wa ko ya ke koya musu. Karatu yakan ɗan tafi, gama akwai littafi a gida. Lissafi ne yakan kwanta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga manomi. Wani ɗan ƙungiyarmu ya aiki ɗansa mai shekara 11 kasuwa da mudu 14 na wake. Yaron ya iya rubuta lissafi a takarda tsaf, amma a kasuwa ba wanda zai jira shi ya nemi fensir. Mai saye ya ƙirga masa kuɗin mudu 12, yaro ya karɓa ya yi godiya. Uban ya so ya zane shi. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba laifinsa ba ne. Ba a taɓa koya masa lissafi da ka ba."

Maganin yana gindin bishiya tun zamanin kakanninmu. Ina nufin wasan gurabe 12, shida a gabanka shida a gaban abokin wasa, kowane gurbi da 'ya'ya 4, duka 48. Yarbawa suna ce masa ayo, a Gana kuwa oware. Ba sai an sayi katako ba. A tona gurabe a ƙasa, a samo 'ya'yan tsamiya ko tsakuwa, shi ke nan.

Kowane gari da irin dokarsa, amma ga wadda na ga ta fi sa yaro tunani. Ka kwashe 'ya'yan gurbi ɗaya naka, ka bi ta hannun dama kana zuba ɗaya ɗaya. In ɗan ƙarshe ya faɗa a gurbin abokin wasa ya mai da shi 2 ko 3, ka cinye su. Wanda ya fara tara 25 ya yi nasara, domin ya wuce rabin 48.

To, ina lissafin yake? A ce yaro yana da 'ya'ya 7 a gurbinsa na 3. Gurabe 3 suka rage a gefensa, watau na 4 da na 5 da na 6. A ɗebe 3 daga 7, saura 4. Ashe ɗan ƙarshe zai sauka a gurbi na 4 na abokin wasa. In akwai 1 ko 2 a ciki, ya ci. Yaron ya yi ɗebewa da tarawa ke nan bai ma sani ba. In gurbi ya cika har ya kai 15, sai ya zaga duka, amma ana tsallake gurbin da aka kwasa, don haka zagaye ɗaya 'ya'ya 11 yake ci. Saura 4, ɗan ƙarshe zai faɗa gurbi na 4 gaba da inda aka taso. Manyan yara sukan ji daɗin wannan ƙwarai.

Sai dai akwai sharaɗi ɗaya wanda in babu shi wasan wasa ne kawai. Kafin yaro ya taɓa 'ya'yan, sai ya faɗa da baki inda ɗan ƙarshe zai sauka. In ya faɗa daidai ya ci abinsa, in ya kuskure ya bar su. Da farko za ku ga yana bin gurabe da yatsa a iska. Ku bar shi. Bayan 'yan makonni yatsan zai tsaya, ido kaɗai zai bi, daga baya idon ma ya tsaya. Abin da ya fi ba ni wahala ba yara ba ne, iyaye ne. Uwa ba ta iya jure ganin ɗanta yana fama, sai ta yi wuf ta faɗa masa amsa. Mama, ki daure ki ƙirga 10 a zuci tukuna.

Ƙananan yara masu shekara 4 zuwa 6 kuwa, wannan wasa ya fi ƙarfinsu. Su nasu dabam ne. A 2008 waɗansu malamai biyu a Amurka, Geetha Ramani da Robert Siegler, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ƙananan yaran talakawa. Suka zana gidaje 10 a jere da lamba 1 zuwa 10, yara suka yi wasa sau 4 cikin mako 2, kowane zama kamar minti 15 zuwa 20. Waɗansu yaran aka ba su allo iri ɗaya amma launi ne a gidajen maimakon lamba. Masu allon lamba suka ci gaba wajen ƙirga, da gane lamba, da sanin wadda ta fi girma, har bayan mako 9 ba su manta ba. Masu launi ba su sami wannan ba. Dabarar da aka bi ita ce, in yaro yana gida na 3 ya sami 2, ba zai ce "ɗaya, biyu" ba, sai ya ce "huɗu, biyar". Ku lura da wannan da kyau, gama yawancinmu ta ɗayar hanyar muke buga ludo.

Kwalin sabulu da gawayi sun isa a yi wannan allo. In yaro ya ƙware, a zana masa gidaje 100 irin na wasan maciji da tsani, wanda asalinsa daga Indiya ne. Amma ni ba na son na kanti, domin layinsa yana tafiya dama ya komo hagu, yana rikita yaro. Ku fara kowane layi daga hagu, 1 zuwa 10, 11 zuwa 20, har sama. Da haka 7 da 17 da 27 za su hau kan juna, yaro ya gani da idonsa cewa ƙara 10 hawa ɗaya ne.

A wani taron ƙungiya wani dattijo ya tashi ya ce shi ba zai yarda a shigo da dayis gidansa ba, da haka caca take farawa. Ban yi masa gardama ba, domin ya ga abin da caca ta yi wa samari. Muka shirya a kan marafan kwalba. A watsa guda 6 a ƙasa, a ƙirga waɗanda suka faɗi a buɗe, lambar ke nan. Kuma kada a sa ko kwabo a kan wasan, ko da gyaɗa ce. Ku kuma kula da masu rarrafe, 'ya'yan tsamiya suna shiga hanci.

Wasa ba zai koya wa yaro rubuta lissafi ko rabawa mai tsawo ba, kuma ba dalili ba ne na hana shi makaranta in hanya ta samu. Minti 15 bayan tuwon dare ya isa, a tashi tun yana so a ƙara.

Yaron nan mai wake, na koma gidansu bayan girbi. Uban ya ce yanzu shi yake tsayawa kusa da ma'aji ranar awon hatsin ƙungiya. Muka zauna muka tona gurabe, ya cinye ni 27 da 21, ya kuma faɗa mini tun saura zubi biyu.