Fadamar Haɗejiya da Ruwan Kano

Yaron da ya tashi a Fagge ko Sabon Gari, in aka ce masa rafi, ba abin da zai faɗo masa a rai sai Jakara, mai ɗauke da dattin gari. Da wuya ya san cewa manyan kogunan ƙasar Kano, watau Kogin Kano da Challawa, gabas suke nufa, su zama Kogin Haɗejiya, su je su bazu cikin wata makekiyar fadama tsakanin Haɗejiya da Nguru.

Mai son ganin wurin, sai ya tafi da hunturu, wajen Disamba ko Janairu. A Baturiya, cikin ƙasar Haɗejiya, zai tarar da itatuwan gabaruwa tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa, tamkar kurmin bakin teku na Kudu, ga goriba a tudu. A Dagona kuwa, ƙasar Bade, an keɓe tabki inda aka hana harbi. Da sassafe kirinjijiya ke tashi garke-garke suna fito, ɗinya na kiwo a gefe, zalɓe ya ƙame kamar an dasa shi. Cikinsu har da baƙi, ƙananan agwagi waɗanda suka ƙetaro Hamada daga Turai don gudun sanyi, ba fasfo ba guzuri. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filibus, ya zo Dagona a 1989.

Amma fa fadamar ta ragu ƙwarai. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar damina da ke cika tabkuna ta raunana. Ruwan da ake saki da rani kuma ya hana hanyoyin ruwa bushewa, sai ciyawar kacalla ta toshe su, jan-baki suka sami maɓoya suna far wa shinkafa. Masunci da manomi da Bafulatani mai shanu duk sun ji a jikinsu.

A ganina, makarantar da ke koyar da labarin ƙasa a Kano, ba ta da hujjar tsayawa a kan allo. Malami ya fara kai yara bakin Jakara, sa'an nan Tiga, sa'an nan Baturiya, su bi ruwan da idonsu har inda ya ƙare.