Nero da gobarar birnin Rum

Nero ya hau gadon sarautar Rum a shekara ta 54 miladiyya, yana ɗan shekara 16. Muguntarsa ba abin musu ba ce: a 59 ya sa aka kashe mahaifiyarsa, Agrippina. Bayan gobarar da ta tashi a birnin Rum a 64 kuma ya ɗora wa Kiristoci laifi, aka yi musu kisan gilla.

Amma zargin cewa shi ya cinna wutar ba shi da ƙwari. Marubucin tarihi Tacitus, wanda ba masoyinsa ba ne, ya ce Nero yana garin Antium, ba a Rum ba, lokacin da wutar ta tashi. Da ya dawo, ya buɗe lambunansa ga waɗanda suka rasa matsuguni, ya karya farashin hatsi. Marubutan tarihinsa kuwa manyan gari ne, ajin da ya fi gallaza wa, kuma sun rubuta ne bayan ya kashe kansa a 68.