Sana'ar Ƙananan Makaɗan Rok a Birtaniya: Daga Ƙofar Baya Zuwa Dandamali

Tun misalin ƙarfe huɗu na yamma aikin yake farawa, lokacin da kulob yake a rufe, ba kowa ciki sai mai shara. Tsohuwar motar kaya takan tsaya a ƙofar baya, mutum huɗu ko biyar su sauko, su shiga jido. Akwai akwatunan ganguna, da jitoci, da na'urorin ƙara sauti waɗanda sai mutum biyu sun kama kafin su ɗagu, da buhun wayoyi, da kwalin riguna na sayarwa. Sau da yawa dandamalin yana can ƙarƙashin ƙasa ko a saman bene, kuma matakalar ƙunci gare ta. Waɗanda suke wannan dakon su ne da kansu za su hau su yi kiɗa da dare, su ne kuma za su sake kwashe kayan bayan an watse, ɗaya daga cikinsu ya kama sitiyari har gida. Kiɗan da mutane suka biya kuɗi su ji ba ya wuce minti 30 zuwa 45. Sauran awannin duk dako ne da jira da tuƙi.

Waɗannan su ne makaɗan da ake kira na indi rok, wato masu cin gashin kansu, waɗanda babu wani babban kamfanin faifai a bayansu. Ƙungiyar takan ƙunshi mai waƙa, da mai jita ɗaya ko biyu, da mai jitar bas wadda take ba da amo mai kauri, da mai ganguna. Waƙoƙinsu nasu ne, su suke tsara su. Nan suka bambanta da masu kiɗan biki, waɗanda ake ɗauka haya su maimaita waƙoƙin da kowa ya sani, kuma suka fi su samun kuɗi nesa ba kusa ba. Mafi yawan 'yan indi suna da wani aikin da rana: wannan yana sayar da kofi, wancan malamin makaranta ne, wata tana aikin ofis. Albashin can ne yake sayen tsirkiyar jita da man mota, yake biyan hayar ɗakin gwaji da ake lissafawa awa-awa.

Wannan hali na yi da kanka yana da tarihi. A watan Janairun 1977 wasu samari a Mancesta masu suna Buzzcocks suka ranci kimanin fam 500 daga dangi da abokai, suka ɗauki waƙoƙi huɗu, suka buga ƙaramin faifai mai suna Spiral Scratch a ƙarƙashin kamfanin da suka kafa da kansu. Kwafi 1,000 suka fara bugawa, ya ƙare, suka yi ta ƙarawa har ya kai wajen 16,000. Abin da ya girgiza matasan lokacin shi ne ganin cewa ashe ana iya fitar da faifai ba tare da an durƙusa a gaban manyan kamfanonin Landan ba. Shagon Rough Trade, wanda aka buɗe a 1976, ya zama mahaɗar irin waɗannan faya-fayan, daga baya shi ma ya koma kamfanin bugawa. Daga nan ne sana'ar ta samo ɗabi'arta, kuma har yau ba ta sake ta ba.

Idan an gama jido sai gwajin sauti, kuma a nan ake gane wanda ya iya da wanda bai iya ba. Kowane kulob yana da injiniyan sauti, mutumin da yake tsaye a bayan ɗaki gaban allo mai maɓallai da yawa. Shi zai ce wa mai ganguna ya doki babbar gangar ƙafa shi kaɗai, ya yi ta doka har sai amon ya zauna, sannan a koma kan ƙaramar, sannan bas, sannan jita, muryar mai waƙa a ƙarshe. A gaban kowane makaɗi akwai lasifika da take fuskantarsa, domin a kan dandamali mutum ba ya jin abin da 'yan kallo suke ji, abin da injiniya ya aiko masa kawai yake ji. Sabon shiga yakan murɗe jitarsa har ƙarshe don ya ji kansa, ya danne muryar mai waƙa, ɗakin ya koma hayaniya. Wanda ya daɗe ya san cewa ɗakin da babu kowa da ɗakin da ya cika ba su da amo ɗaya, saboda jikin mutane yana shanye ƙara. Ya kuma san cewa injiniyan nan, wanda wataƙila ya ga ƙungiyoyi dubu kafin su, yana iya gyara musu dare ko ya bar su da halinsu, don haka ana koyon sunansa, a gaishe shi, a gode masa daga kan dandamali.

Sauran ƙwarewar ba a koyar da ita a ko'ina sai a gaban mutane. Yadda za a jera waƙoƙi don kada zafin ya huce a tsakiya. Abin da za a faɗa idan tsirkiya ta tsinke ana cikin kiɗa, mai jita yana ƙoƙarin canzawa, shiru yana neman cinye ɗakin. Yadda mai bas zai kalli ƙafar mai ganguna su riƙe zango tare idan ɗayansu ya fara gudu. Mafi wuya duka shi ne daren Talata da ruwan sama, a garin da ba wanda ya san su, an sayar da tikiti 14, rabinsu ma na ƙungiyar da za ta biyo baya ne. Ƙungiyar da ta iya yi wa mutum 14 kiɗa da zuciya ɗaya, har biyu daga cikinsu suka bar hira suka matso gaba, ta koyi abin da babu wata na'urar ɗaukar sauti da za ta koya mata. Kamar yaron maƙera ne: sai ya yi shekaru yana zuga, ya ɓata ƙarfe da yawa, kafin a ba shi lauje ya ƙera. Ƙaramin kulob shi ne maƙerar, wurin da ake da izinin ɓatawa.

To, ina kuɗin? A ɗauki ɗaki mai cin mutum 200, tikiti fam 10 ko 12. Ko da ya cika maƙil, kuma ba kasafai yake cika ba, daga wannan kuɗi za a cire harajin gwamnati na kashi 20 cikin 100, da hayar ɗaki, da ladan injiniya, da masu tsaron ƙofa, da kuɗin talla, da haƙƙin mawallafa waƙa. Abin da ya rage ake raba wa ƙungiyoyi ukun da suke wasa a daren, babbar ta ɗauki kaso mafi tsoka. Waɗanda suke buɗe fage sukan tashi da fam 50, wani lokacin ma babu, kuma su huɗu ne, ga man mota. Idan ƙungiya ta ɗan yi suna ta samu wakilin da yake nemo mata wasanni, yana da kashi 10, manaja kuma kashi 15 zuwa 20. Akwai ma wasu masu shirya wasa da suke tilasta wa yara su sayi tikitin da kuɗinsu su je su sayar wa abokai, in ba su sayar ba asararsu. Wannan zalunci ne, kuma makaɗa da ƙungiyarsu ta ƙwadago sun daɗe suna yaƙi da shi.

Shi ya sa da an sauka daga dandamali, gumi bai bushe ba, za ka ga mai waƙa ya ruga bayan wani ɗan tebur kusa da ƙofa. A nan ake baje riguna masu sunan ƙungiyar, da faya-fayan garmaho, da kaset, da jakunkuna. Riga ɗaya ta fam 20 takan kawo ribar da ta fi abin da dubban saurare a intanet za su kawo, domin Spotify ba ya biyan ko kobo ɗaya na dala a kan kowane saurare, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba, ba ta samun komai. Teburin rigunan nan shi yake sayen abincin dare, shi yake hana su kwana a mota. Idan bai yi ciniki ba, sai a tambayi 'yan kallo ko akwai mai falon da za a shimfiɗa a ƙasa.

Kada a ɗauka mai kulob ne yake cinye su. Shi ma a bakin rami yake. Tikiti ba ya riƙe ɗakin, cinikin abin sha ne yake riƙe shi, musamman giya, ga shi kuma matasan Birtaniya na yanzu sun rage sha idan aka kwatanta da iyayensu. Haya ta tashi, kuɗin lantarki ya ninka bayan 2022. Music Venue Trust, ƙungiyar da aka kafa a 2014 don kare irin waɗannan wurare, ta ba da rahoto cewa a 2023 kaɗai wurare 125 sun rufe ko sun daina sa kiɗa, suka bar 835. Kashi 38 cikin 100 na waɗanda suka rage asara suka yi a shekarar, kuma ribar sashen baki ɗaya ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Ga kuma maƙwabta. Akan gina sabbin gidajen kwana a jikin kulob ɗin da ya shekara 30 a wurin, sabbin mazauna su kai ƙarar hayaniya. Sai a 2018 aka shigar da ƙa'ida cikin tsarin gine-ginen Ingila cewa wanda ya zo daga baya shi ke da alhakin toshe ƙarar.

A watan Disambar 2023 kulob ɗin Moles na garin Bath ya rufe bayan shekara 45. Ɗaki ne mai cin mutum 220, amma The Smiths da Radiohead da Oasis duk sun taka dandamalinsa tun ba a san su ba. Labarin Oasis kansa ya isa misali. A watan Mayun 1993 suka bi wata ƙungiya a mota daga Mancesta zuwa King Tut's Wah Wah Hut a Gilasgo, sunansu ma ba ya cikin jerin masu wasa, suka matsa har aka bar su suka yi waƙa huɗu. Alan McGee na kamfanin Creation yana cikin 'yan kallon, ya yi musu tayin kwangila. Bayan shekara uku suka tara mutum 250,000 a dare biyu a Knebworth. Arctic Monkeys kuwa fam 27 aka ba su a wasansu na farko a mashayar The Grapes da ke Sheffield a watan Yunin 2003. Suna raba faya-fayan waƙoƙinsu kyauta a bakin ƙofa, masoya suna yaɗa su a intanet, kuma da kundinsu na farko ya fito a Janairun 2006 ya sayar da sama da kwafi 360,000 a mako guda.

Ana yawan kawo waɗannan labarai don kare ƙananan wurare, kuma gaskiya ne. Amma ni ina ganin idan aka tsaya nan an rage wa sana'ar daraja. Cikin ƙungiyoyi dubu, wataƙila ɗaya ce za ta kai filin ƙwallo. Sauran za su yi shekara biyar ko goma suna zagaya garuruwa, su fitar da faifai biyu, su rabu, kuma ba su faɗi ba. Sun ba mutanen garinsu dare masu yawa da za su riƙa tunawa, a farashin da ɗalibi da lebura za su iya biya, a nisan da mai kallo yake ganin yatsun mai jita. Daga cikinsu ne ake samun injiniyoyin sauti, da masu haske, da direbobin rangadi, da malaman kiɗa. Wannan amfani ne a karan kansa, ko da babu tauraron da ya fito.

Wannan hanya ta ƙananan ɗakuna ta taɓa mu ma ta wani ɓangare. Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Nijar, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu a Sahel ta katin waya, har suka kai kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds. Ƙwarewarsa a wuraren bikin aure na Agadas ya same ta, inda ake kiɗa a fili da janareto, amma a Turai da Amurka ta ƙananan kulob ɗin nan ya bi, dare bayan dare, kafin kamfanin Matador, wanda gida ne na 'yan indi rok, ya fitar da Afrique Victime a 2021. Da babu ɗakunan da za su yarda su gwada baƙon da ke waƙa da Tamashek a gaban mutum 100, da ƙofar ba ta buɗe ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cewa masana'antar kiɗan Birtaniya ba talauci take yi ba. A shekarun da ƙananan wurare suke rufewa, manyan filaye cika suke yi, ana sayar da tikiti kan ɗaruruwan fam. Masu wannan riba suna karɓar makaɗan da wasu suka rena da asararsu. A Faransa an daɗe da warware wannan: ana cire kashi 3.5 cikin 100 daga kuɗin tikiti a zuba a asusun da yake tallafa wa harkar. A Birtaniya kwamitin al'adu na majalisar dokoki ya ba da shawara a watan Mayun 2024 cewa a riƙa cire wani abu daga tikitin manyan filaye, in ba a yi da son rai ba a mai da shi doka. Wasu makaɗan ba su jira ba. Enter Shikari da Sam Fender sun ware fam 1 daga kowane tikiti, Coldplay kuma suka yi alkawarin kashi 10 na abin da suka samu a wasanninsu na Wembley da Hull a 2025. Akwai kuma shirin sayen gine-ginen da kansu don a raba kulob da fargabar mai gida, wanda aka fara da The Snug a garin Atherton a 2023.

Waɗannan makaɗa sun kyauta, amma abin da ya rataya a kan kirkin mutum ɗaya-ɗaya ba ya ɗorewa: wanda ya bayar bana yana iya fasawa baɗi, kuma mai kulob ba zai iya sa hannu a takardar hayar shekara biyar bisa fatan alheri ba. Fam 1 a kan tikitin fam 100 ba zai hana kowa zuwa kallo ba. Ya kamata gwamnatin Birtaniya ta mai da shi doka, kamar yadda Faransa ta yi.