Amana Jiya Da Yau: Abin Da Ya Sauya A Kasuwa, Siyasa Da Coci

Duk lokacin da aka taɓo zancen taɓarɓarewar tarbiyya a Najeriya, dattawa kan ce mutanen da sun fi na yanzu riƙon amana. Tarihi ya gaskata wani ɓangare na maganar, amma ya nuna cewa abin da ya fi sauyawa shi ne ma'aunin da jama'a ke auna mutum da shi.

A fagen kasuwanci, sunan mutum shi ne jarinsa. A da, a unguwar Sabo ta Ibadan, fatake kan damƙa shanunsu ga mai gida, dillalansa su sayar wa mahauta bashi ba tare da an rubuta komai ba. Mahaucin da ya ci amana sai a daina ba shi kaya, kasuwarsa ta mutu. A yau mutane kan zuba kuɗi a hannun waɗanda ba su taɓa gani ba, kamar yadda ya faru da shirin MMM, wanda ya dakatar da biyan jama'a a watan Disamba na 2016.

A siyasa, har gobe ana buga misali da Firaminista Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka kashe a 1966 bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba. Sai dai zamanin nasa ma bai tsira daga zargi ba. Kwamitin Foster-Sutton ya binciki alaƙar Nnamdi Azikiwe da wani banki a 1956, kwamitin Coker kuma ya binciki kuɗin hukumomin Jihar Yamma a 1962. Bambancin yau shi ne tsadar neman mulki. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, PDP kuma miliyan 40, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne.

A ɓangaren Kiristanci, ƙungiyoyin mishan irin su SIM da ta iso a 1893 da SUM a 1904 sun shahara da gina makarantu da asibitoci, ciki har da asibitin Vom da ke Filato. An kuma fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Daga shekarun 1980 wa'azin wadata ya bunƙasa, inda ake ɗaukar arziki a matsayin alamar albarka. Masu goyon baya na nuni da jami'o'i da ayyukan yi da manyan coci-coci suka samar, masu suka kuma, ciki har da malaman Kirista, na cewa kuɗin makarantun sun fi ƙarfin talakan da ya ba da baikonsa.

A 1960 'yan Najeriya kimanin miliyan 45 ne, yanzu sun haura miliyan 200. Idon makwabci ya daina isa ga kowa, shi ya sa aka koma ga doka: ICPC a 2000, EFCC a 2003, sai dokar kamfanoni ta 2020 da ta ba hukumar CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiyoyi, har da na addini, matakin da ƙungiyar CAN ta yi adawa da shi.

Doka kan hukunta wanda aka kama ne kawai. Matuƙar ana girmama mai dukiya ba tare da tambayar inda ya samo ta ba, aikin waɗannan hukumomi ba zai ragu ba.